Tattalin arziki mai zagayawa a Najeriya: abin da ke da farashi da abin da babu mai saye

A ƙarshen shekarar 2017, a taron Majalisar Ɗinkin Duniya kan sauyin yanayi da aka yi a birnin Bon na Jamus, Najeriya da Ruwanda da Afirka ta Kudu suka ƙaddamar da ƙawancen da zai ɗora nahiyar Afirka a kan tattalin arziki mai zagayawa. Tun daga lokacin takardu ke ta fitowa daga Abuja. A 2020 gwamnatin tarayya ta amince da manufar ƙasa kan sharar roba. A 2024 aka fito da taswirar yadda ƙasar za ta koma wannan tsari, kuma a shekarar ce aka hana ma'aikatun tarayya amfani da robar da ake yarwa bayan amfani ɗaya. Amma in ka shiga Kasuwar Kara a nan Sakkwato ka yi tambaya, da wuya ka sami wanda ya taɓa jin labarin, alhali mutane da yawa a garin nan da wannan tsarin suke cin abinci.

Manufar ba ta da wuyar ganewa. Masana'antun zamani sun ginu ne a kan hanya miƙaƙƙiya: a haƙo ko a noma, a ƙera, a sayar, a yi amfani, a jefar a bola, gobe a sake haƙo sabo. Tsari mai zagayawa so yake ƙarshen hanyar ya dawo ya haɗu da farkonta. Abin da ke ruɓewa ya koma ƙasa ya zama taki. Wanda ba ya ruɓewa, irin ƙarfe da roba da gilashi, ya daɗe a hannun mutane gwargwadon iko. In ya lalace a gyara, in ya ƙi gyaruwa a cire sassan da ke da sauran rai, abin da ya rage kuma a narkar a ƙera wani abu. Narkarwa ita ce ta ƙarshe, kuma ita ce mafi ƙarancin riba. Wayar da mai gyara ya canza wa gilashi ta ci gaba da aiki ta fi wadda aka farfasa don ɗan jan ƙarfen cikinta daraja nesa ba kusa ba. Duniyar ma ba ta yi nisa a tafiyar ba: rahoton da wata cibiya ta ƙasar Holan ke fitarwa ya ƙiyasta cewa a 2023 kashi 7.2 cikin 100 ne kacal na kayan da duniya ke laƙumewa suka fito daga abin da aka sake juyawa, ƙasa da kashi 9.1 da aka samu a 2018.

Ga ƙasashen Turai wannan komawa ce ga ɗabi'ar da suka daɗe da bari. Mu kuwa ba mu gama barinta ba. Wanda ya tashi a karkarar Wurno ko Gwadabawa ya san gero ba shi da abin yarwa. Tsaba ta shiga rumbu, dusa ta tafi wa tumaki, kara ya zama darni ko makamashi, tokarsa a tace a zuba a miya. Harawar wake da ta gyaɗa a ɗaure a ɗora bisa rufi, da rani ta yi kuɗi. Bayan girbi manomi kan roƙi Bafulatani ya sauka da garkensa a gona, shanu su ci abin da ya saura su bar masa taki. Majemi ma da kayan gida yake aiki: toka ta tuge gashi, kashin kaji ya tausasa fata, bagaruwa ta jeme ta.

A cikin birni ɗan gwangwan ne ya gaji wannan aiki. Da hantsi za ka ji shi a lungu yana tura kura, yana kiran a kawo kaya. Uwar gida ta tsaya bayan ƙyauren zaure ta aiko yaro da fasasshiyar tukunya da tsohon risho da silifas da suka tsinke. Sai ya zaro mayen ƙarfe daga aljihu ya manna a jikin tukunyar. "Inna, kin ga ya kama. Wannan ƙarfe ne, ba alminiyom ba." Ta ce ya dai ji tsoron Allah ya ƙara wani abu, ya ƙara, ko kuma ya musanya mata da sabuwar roba. Da yamma ya kai wa dila, a ɗora a sikeli, a ware kowane iri a tsibinsa: jan waya ita ce kan gaba a tsada, sai alminiyom, sai batir, sai baƙin ƙarfe, roba kuma a raba ta bisa launi da ƙarfi kafin a zuba a injin niƙa. Wani alminiyom ɗin ba ya ma barin gari. Masu zubin tukwane su narkar da shi a murhun gawayi, su zuba a ƙirar yashi, washegari ga tukunya da ludayi a kasuwa. Wutar da ake buƙata don sake narkar da alminiyom kusan kashi 5 cikin 100 ce ta wadda ake ƙonawa in za a fitar da shi sabo daga ma'adini.

To in haka ne, me ya rage a yi? Amsar tana yashe a titi. Guntun ƙarfe ko gwangwanin lemo ba ya kwana biyu a ƙasa sai wani ya ɗauke, amma leda ta rufe filaye, ta cika kwatoci, ta rataye a kan kowace ƙaya. Mutanen da ke yar da wannan su ne ke yar da wancan. Bambancin kawai shi ne ƙarfe yana da farashin da ya kai a sunkuya, leda ba ta da shi. A ganina nan ne zuciyar batun, kuma duk takardar da ba ta taɓa nan ba, ado ce.

Ɗauki ledar fiya wata. Roba ce mai kyau, ana iya wanke ta a narkar a yi buta ko bokiti ko tiyo. Matsalarta rashin nauyi. Sai mutum ya tsinci ɗaruruwa kafin ya haɗa kilo guda, kuma ta zo da yashi da ruwa, dila ya zaftare kuɗin datti. Masana'antun roba da za su saya galibi suna Kano, a Sharaɗa da Challawa da Dakata, tafiyar kusan kilomita 500. Tirela za ta cika maƙil ba ta ɗauki nauyin kirki ba, ga kuɗin man dizal, ga na hanya. Kafin a sauke kaya riba ta ƙare. Baƙar ledar cefane ta fi ta muni, don ta yi sirantar da ba a samun komai a jikinta. Ƙiyasin da aka fi ambata ya ce Najeriya na fitar da shara tan miliyan 32 a shekara, tan miliyan 2.5 daga ciki roba ce, kuma abin da ake sake sarrafawa ɗan kaɗan ne.

Da a ce leda ta tsaya a ƙazanta da toshe magudanai da tara sauro da damina, da da sauƙi. Abin da ya fi damuna shi ne yadda take karya tsohon zagayen da muka gada. Ka je mayanka da safe ka tsaya kusa da masu wanke kayan ciki. Mahauci ya farke tumbin akuya ko saniya, maimakon ciyawa sai ya zaro dunƙulen leda, baƙi, mai tauri, ya nannaɗe da igiya da tsumma. Dabbar ta daɗe tana rama, cikinta a kumbure, tana cin kaɗan ta bari, mai ita yana ta sayen maganin tsutsa. Sau da yawa mai itan nan mace ce a cikin gida, akuyar ita ce asusunta, da ita za ta yi wa ɗiyarta kayan ɗaki. Haka manomin bakin gari da ya saba sayen takin bola a kai masa gona a amalanke ko bisa jaki. A da abin da ke cikin bola toka ce da kashin dabbobi da sauran abinci. Yau rabinsa leda ne da fasasshen kwalba da mataccen batir. Ya watsa a gona, iska ta kwashe ta rataye, wadda ta nutse ta hana saiwa da ruwa ratsawa. Kamfanin da ya yi ledar ya karɓi kuɗinsa tuni, asarar kuma ta faɗa kan mai akuya da mai gona.

Hanya biyu ƙasashe suka bi a kan wannan. Ta farko hani. Ruwanda ta haramta ledar cefane tun 2008, a 2019 ta faɗaɗa dokar zuwa sauran robobin amfani ɗaya, har a filin jirgin saman Kigali ana karɓe leda daga hannun baƙi. Kenya ta bi sahu a 2017. A gida, jihar Legas ta hana farin mazubin abincin nan mai kama da soso a watan Janairun 2024, ta soma tilasta hani a kan wasu robobin a watan Yulin 2025. Ana yawan kafa mana misali da Ruwanda, kuma ta cancanci yabo, sai dai a tuna faɗin ƙasar gaba ɗaya bai wuce na jihar Sakkwato da wani abin kirki ba, ga gwamnatin da in ta faɗi magana ta zauna. Mu kuwa ga iyakarmu da Nijar a Illela da ɗaruruwan hanyoyin daji da za a iya bi a shigo da ledar. Legas ɗin ma da ta zo kan ledar ruwa da gorar roba sai ta tsame su daga hanin. Dalilin a fili yake: fiya wata ta samu gindin zama ne saboda famfo ba ya kawo ruwa. A garin da zafin Afrilu ke haura digiri 40, wanda ya hana ledar ruwa bai gyara famfo ba talaka ya hukunta. Baƙar ledar cefane da mazubin soso kam ana iya hana su, don akwai abin da zai maye gurbinsu.

Hanya ta biyu ita ce a ɗora wa wanda ya ƙera kaya nauyin ƙarshen kayansa. Kamfanin da ya zuba lemo a gora ko ya shigo da talabijin ya biya wani abu a kan kowane kilo, kuɗin su tafi wajen tarawa da sarrafawa. Hukumar NESREA mai tilasta bin dokokin muhalli, wadda aka kafa a 2007, ita ke riƙe da wannan tsari, kuma a 2018 manyan kamfanonin abinci da lemo suka kafa ƙungiyarsu ta tattara gorori, masu kayan lantarki ma suka kafa tasu mai suna EPRON. Hikimar ita ce a ƙirƙira wa abin da ba shi da farashi farashi. Ran da kilon leda ya kai a sunkuya masa, 'yan gwangwan za su share filayen nan ba tare da an kira taron wayar da kai ba. Inda gizo ke saƙa shi ne yawancin aikin ya tsaya a Legas da kewayenta, inda masana'antu suke kusa kuma jigila ba ta cin riba, alhali ana shan lemon a ko'ina. Masu buga fiya wata kuma ƙanana ne, a warwatse, ba za a iya bin su ɗaya bayan ɗaya ba. Amma dukkansu nadin leda suke saye, masu yin nadin kuwa ba su da yawa, masu samar da ƙwayar robar, irin su kamfanin Indorama na Eleme a jihar Ribas da masu shigo da ita ta tashar ruwa, sun fi su ƙaranci. A can ya kamata a karɓi kuɗin, a kuma ware wa wurare masu nisa kaso mafi tsoka, tunda nisan ne ke kashe cinikin.

Akwai kuma tambayar inda ribar ke sauka. Ƙarfen da yaro ya tsinto a Mabera ana loda shi zuwa masana'antun kudu, ya dawo mana a matsayin rodi da tsadarsa. Robar da aka niƙa ta tafi Kano ta dawo buta. Kaya sun zagaya, amma mu tsinta da dako ne rabonmu. Wannan ba sabon abu ba ne ga Basakkwace. Fatar jar akuyarmu ta yi ƙarnoni tana ratsa Sahara, Turawa suna kiranta fatar Maroko don a can suke sayenta. Yau ma galibinta Kano take tafiya a jeme ta rabi da rabi, ta wuce Italiya da Sifen, a can a yi takalmi da jaka. Fatun shanu masu yawa kuma ganda suke zama a tukunya. Dukawan gari na nan da basirarsu, abin da suka rasa wuta ce tsayayya da jari da kasuwa. Ko injin wanke roba da mai curawa aka samu a cikin gari, a daina tura iska a tirela, lissafin ledar nan zai sauya.

Ba zan ɓoye mummunan ɓangaren sana'ar ba, don masu yabon "ƙwazon talaka" daga nesa sukan tsallake shi. Yaran da ke tonon bola hannu ba safa, ƙafa ba takalmi, da yawansu almajirai ne da ya kamata a ce suna gaban malam ko a aji. Ana ƙona waya don a fitar da jan ƙarfe, hayaƙin ya shiga ƙirjin mai ƙonawa da na maƙwabta. Mafi haɗari shi ne batir. Yanzu da sola ta shiga gidaje da shaguna, matattun batura sai ƙaruwa suke, ana fasa su da adda, a tsiyaye ruwan a ƙasa, a ciro dalmar. Mu a wannan yanki mun san abin da dalma ke yi. A 2010 ta kashe yara sama da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na Zamfara. A can daga dutsen zinariya ta fito, amma gubar ɗaya ce, kuma yaron da bai mutu ba takan taɓa masa ƙwaƙwalwa har abada. A Ogijo ta jihar Ogun, inda masana'antun narkar da batir suka taru, gwajin jinin da aka ba da rahotonsa a 2025 ya nuna dalma ta yi yawa a jikin mazauna, har hukumomi suka rufe wasu masana'antun.

Sai batun sata. Tunda ƙarfe kuɗi ne, ana kwance wayar taransifoma, ana ɗauke murfin kwata, ana cire ƙofofin makarantu. Jihar Barno ta haramta sana'ar jari-bola a 2023 bisa dalilan tsaro, Abuja ma ta hana 'yan bola yawo a farkon 2025. Fushin jama'a yana da hujja. Sai dai korar mai kura ba ta rufe kasuwar kayan sata, don ɓarawo ba ya narkar da ƙarfe da kansa, akwai mai sikelin da ke saye ido rufe. Shi ya kamata a yi wa rajista, a tilasta masa rubuta abin da ya saya da wanda ya kawo. Wasu ƙasashe masu tasowa sun gwada jawo masu tsintar a jiki. A birnin Pune na Indiya, tun 2008 ƙungiyar masu tsintar shara ce ke bi gida-gida bisa yarjejeniya da hukumar birni, magidanta na biyan su. A Bogota ta Kolombiya, bayan hukuncin kotu, tun 2013 ake biyan su a kan kowane tan da suka tara, kamar yadda ake biyan kamfanin kwasar shara.

Gwanjo da kayan lantarki na hannu da ke shigowa daga waje suna tsakiya. Rigar da za ta ƙara shekaru a jikin wani alheri ce. Firjin da ya iso a mace kuwa shara ce aka yi wa takardar kaya. Najeriya ta ɗanɗana wannan a 1988, lokacin da aka jibge dubban tan na guba daga Italiya a garin Koko, a jihar Delta ta yanzu, kuma irin haka ne ya kai ƙasashen Afirka ga yarjejeniyar Bamako ta 1991, wadda ta hana shigo da shara mai guba cikin nahiyar. Tsayawa a kan wannan layi yana da tsada: da Ruwanda ta tsawwala haraji a kan gwanjo don ta raya masaƙunta, a 2018 Amurka ta janye mata rangwamen shigar da tufafi.

Tun da aka cire tallafin man fetur a ƙarshen Mayun 2023 aka kuma saki naira, sabon kaya ya gagari mutane, masu gyaran waya da fanka da janareta da takalmi suka ƙara samun ciniki. Wasu na ƙirga wannan a matsayin ci gaba. Ni ina ganinsa da taka-tsantsan, don gyaran da talauci ya tilasta yakan tafi ran da aljihu ya yi nauyi. Dubi bukukuwanmu. A da langa da kwanon sha ake aikawa gidan biki, a wanke a mayar. Yanzu burgewa ita ce kowa a miƙa masa mazubin roba da cokalin roba da leda, washegari ƙofar gida ta zama bola. Fura da nono ma sun bar ƙwarya sun koma leda. Wannan ba dokar Abuja ce za ta gyara shi ba, limamai da iyayen biki sun fi ta iko a kai.

A tsarin mulkin 1999 kwasar shara aikin ƙaramar hukuma ne, kuma a Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke cewa a riƙa ba su kuɗinsu kai-tsaye. Birnin Sakkwato ya rabu tsakanin Sakkwato ta Arewa da ta Kudu da sassan Wamakko da Dange-Shuni da Kware, don haka dole su haɗa hannu da jiha. Wurin da ya fi sauƙin farawa shi ne mayanka da kasuwannin kayan gwari, inda mafi yawan shara mai ruɓewa ce: ruɓaɓɓiyar albasa da tumatir, kashin dabbobi, abin cikin tumbi, jini da ƙashi. Cibiyar Binciken Makamashi da ke Jami'ar Usmanu Danfodiyo ta daɗe, tun shekarun 1980, tana aiki a kan fitar da iskar girki daga kashin shanu, ragowar kuma ta zama taki, don haka masaniyar tana gida. Abin da ake buƙata shi ne kada leda ta haɗu da wannan shara tun daga tushe: mazubi biyu a kowane layin kasuwa, da mutum mai albashi da ke tsaye a kai, a biya shi daga kuɗin da ake karɓa a hannun 'yan kasuwa kullum. Masu noman rani a fadamar Rima da Goronyo suna sayen taki duk shekara, buhun na zamani ya yi tsada, kuma za su biya fiye da yadda suke biya yanzu in aka kai musu wanda ba sai sun zauna tsince leda a cikinsa ba.